Yadda Za a Taimaki Dattijon da Caca Ta Kama

Idan kawu ko baffa ya faɗa caca, abu mafi wuya shi ne wanda zai buɗe baki, domin a gidajen Zazzau yaro ba ya zaunar da babba ya yi masa faɗa. Kafin komai sai a tabbatar: fansho yana ƙarewa kafin mako ya zagayo, ana tsintar guntayen takardun Bet9ja ko Baba Ijebu a aljihun riga lokacin wanki, ga yawan zuwa Sabon Gari babu dalili.

In an tabbatar, a nemo wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwa, su keɓe bayan isha'i, ba a zaure cike da jama'a ba. Dattijo ya san aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hana caca, tun ba a haife ka ba, kuma karanta masa ita da tsawa ɓoyo kawai zai ƙara masa. In ya zama dole kai ne za ka yi magana, ka durƙusa ka ce: "Kawu, mun ga nauyi ya yi maka yawa, muna so mu rage maka."

Batun kuɗi shi ne jigo. A daina miƙa masa tsaba. A sayo buhun masara a kawo gida, kuɗin makarantar yara a biya makarantar kai tsaye. Kada a yi gaggawar biyan bashin caca a asirce, domin wanda aka share wa bashi sau da yawa komawa yake yi da niyyar mayar da abin da ya rasa, kuma wannan niyyar ce take cinye gona. Katin banki da takardun gida a ba amintacce ajiya, amma da yardarsa, kada a ƙwace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka a kundinta da ya fara aiki a 2022, saboda haka ganin likita ba abin kunya ba ne. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. A tafi da duk magungunan da yake sha, domin wasu magungunan ciwon karkarwa (Parkinson's) suna tayar da sha'awar caca. Idan kuwa ya fara cewa gara mutuwa da wannan bashi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.