In za ka ci abinci a Japan, ka san mazarƙwailarsu iri biyu ce

Yaron maƙwabcinmu ne za shi Japan kwas ɗin noman shinkafa, shi ne babarsa ta turo shi wai in ja masa kunne tunda na taɓa zuwa, toh abin da na gaya masa ne na ce bari in ajiye a nan ko wani zai amfana.

Mutanen nan suna da mazarƙwaila irin tamu sak, ta rake, suna ce mata kokuto, in ka gutsira sai ka rantse daga kasuwar Gujungu aka sayo ta. Inda gizo ke saƙar shi ne da ita suke yin wata giya mai suna kokuto shochu, kai kuma baƙo da ka ji an ce ai da sukari aka yi sai ka ɗauka wani lemo ne. Wallahi ba lemo ba ne. Garau take kamar ruwan leda, ba ta ma da zaƙi saboda tururinta ake tarewa, sukarin ya tsaya a tukunya ƙamshin ne kawai ke biyowa, amma ƙarfinta kashi 25 cikin 100 ne, wata har 30. A tsibiran Amami kaɗai doka ta yarda a yi ta, can kudu da birnin Kagoshima, tun da Amurka ta mayar wa Japan tsibiran a 1953. Shi ya sa suke ji da ita, wanda ya miƙo maka karrama ka ya yi a ganinsa, kar ka haɗe rai.

Toh ga yadda za ka yi. Kana zama, tun kafin a fara kawo kofuna, ka ce "osake wa nomemasen", wato ba na shan giya, ka ɗan sunkuyar da kai, shi ke nan. Sai ka nemi uroncha, shayi ne mai sanyi ba madara ba sukari, ko mugicha na sha'ir. Amma fa ka buɗe kunne da kyau, uroncha daban uron-hai daban, na biyun shayin ne ɗai amma an tsiyaya shochu a ciki, kuma a ido ba ka bambance su, ni saura ƙiris ranar farko, Allah ne ya sa na sansana. Duk abin da ya ƙare da "hai" ka bar musu, har gwangwanin chuhai ɗin nan mai hoton lemon tsami da ke cikin firij ɗin shaguna. Mizuwari ita ce giyar da aka sirka da ruwa, oyuwari da ruwan zafi, rokku kuma da ƙanƙara, duk uwarsu ɗaya.

In aka ɗaga kofi aka ce "kanpai" kai ma ɗaga shayinka, kuma kar ka bari kofinka ya zama wayam don al'adarsu na kusa da kai ne ke cika maka. Wajen abinci kifi da shinkafa sun fi kwanciyar hankali, mutanen Amami akwai cin alade, ka kuma tambaya ko an sa mirin a miya, ita ma akwai giya a ciki.

Ita kuwa mazarƙwailar ta gaskiya, dunƙule-dunƙule a leda, ka sha shayinka da ita, in za ka dawo ka riƙo wa Inna leda biyu ta dama kunu.