Yadda Ake Kula da Dutsen Tunawa da Mazan Jiya a Ƙauye

Idan ƙauyenku yana da dutse mai ɗauke da sunayen sojojin da suka tafi ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, ku nemi izinin dagaci kafin ku taɓa shi. Ku wanke shi da ruwa da burushi mai laushi kawai, domin kankara da ƙarfe tana cinye rubutun. Ku ɗauki hoton kowane suna, sannan ku zauna da dattawa su faɗa muku gidan da kowane soja ya fito tun dattawan suna da rai, wanda a ganina shi ne aikin da ya fi gaggawa. Ku kai kwafin bayanan zuwa Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, ku kuma share wurin kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.