Kurakuran da ke tsinka labarin zamanin tururi idan an haɗa sihiri, kisa da soyayya

Sunan sitimfank, wato labarin zamanin tururi, bai daɗe ba. Wani marubuci Ba'amurke, K. W. Jeter, shi ya raɗa shi a 1987 cikin wasiƙar da ya aika wa mujallar Locus. Gidan labarin kuwa tsoho ne: Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, lokacin da kwal da tururi ke juya masana'antu da jiragen ƙasa. Marubuci yakan ɗauki wannan zamani ya ƙara wa injinansa ƙarfin da ba su taɓa samu ba, ya ajiye gawa a tsakar gida, ya ba wata mace baiwar jin matattu, sannan ya ƙulla soyayya. Miya ce mai daɗi a hannun wanda ya iya. Na karanta gwaje-gwajen masu tasowa da dama, kuma kusan a wuri guda suke tsinkewa.

Babban ciwon shi ne baiwar da ba ta da iyaka. Idan jarumarki tana magana da matattu, me zai hana ta tambayi mamacin wa ya kashe shi tun a shafi na uku? Marubuciya takan farga da wannan a makare, sai ta sa baiwar ta ɗauke haka kawai duk lokacin da za ta tona asiri, ta dawo idan an buƙace ta. Mai karatu yana lura, kuma daga nan ya daina yarda da ke. Wannan ne ya sa marubucin Ingila Ronald Knox, cikin dokoki goma da ya tsara wa masu labarin bincike a 1929, ya hana sihiri ɗungurungum. Ba sai kin bi shi ba. Abin da ya wajaba shi ne ki rubuta dokar baiwar kafin babi na ɗaya, ki nuna ta da wuri, kada ki karya ta. A ce jarumar ba ta ganin komai, sautin ƙarshe da mamaci ya ji kawai take ji, kuma sai kafin gawa ta huce. A ce duk lokacin da ta yi haka, wani abu daga tunanin yarintarta yakan goge. Yanzu kin sami alama ta gaskiya: busar inji sau biyu da bugun agogo sau tara, alhali likita ya ce da tsakar dare aka mutu. Wa ya taɓa agogon? Bincike ya samu ƙafa ke nan.

Ki tuna kuma cewa Landan ta lokacin cike take da masu da'awar kiran ruhohi, har aka kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura a 1882, kuma an sha kama 'yan damfara a cikinsu. Babu alƙalin da zai rataye mutum don wata ta ce gawa ta faɗa mata. Dole ta nemo hujjar da za a riƙe a hannu.

Akwai tarkon da ya fi kusa da mu da muka tashi da labaran aljanu da bokaye: a kai babin ƙarshe a ce ai aljani ne ya yi kisan. Mai karatu ya kwana yana auna mutum biyar da ake zargi, sai a ce masa babu ko ɗaya. Wannan cin amana ne. Ko da sihiri aka yi aikin, hannun mutum ne ya kamata ya kasance a bayansa, da dalili irin na mutum: gado, bashi, kishi, ko satar zanen inji.

Sai injinan da aka mayar ado. Tagulla a bango, tabarau a goshi, bututu ko'ina, amma a cire su duka labarin bai girgiza ba. Tururi yana da hali. Yana cin kwal, yana shan ruwa, tukunyar da ta huce tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta yi ƙarfin tafiya, kuma idan aka matsa mata tana fashewa. Saboda haka makashi ba zai faɗa motar tururi ya tsere nan take ba, sai in wani ya riga ya hura wuta yana jira, kuma wannan wanin shaida ne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a Landan a 1863 da tururi yake tafiya, ramukansa cike da hayaƙi. Henri Giffard ya tashi daga Faris a 1852 cikin balan-balan mai injin tururi, ya yi kusan kilomita 27, amma iska ta fi ƙarfin injinsa bai iya juyowa ba. Irin wannan gazawa ita ke haifar da makirci mai kyau.

Kayan bincike ma sukan riga zamaninsu a labaran masu tasowa. Sashen 'yan sandan ciki na Landan da mutum takwas ya fara a 1842. Ofishin zanen yatsa sai 1901, kuma a shekarar ne aka gano hanyar bambance jinin mutum da na dabba. Gubar asenik kuwa ana iya gano ta tun 1836 da gwajin James Marsh. Kina da ikon gaggauta ƙirƙira, amma ki nuna wa ya ƙera, da yadda miyagu suka koyi kauce mata.

Soyayyar ce ta fi ba ni tausayi, domin sau da yawa gefe ake ajiye ta, ana leƙa ta tsakanin gawa da gawa. Gyaranta yana cikin dokar zamanin. Kafin 1870 abin da matar aure ta samu da guminta na mijinta ne, cikakken ikon mallakar dukiya kuwa sai 1882. Idan jarumarki maƙeriyar inji ce a 1865, amsa tayin aure yana nufin miƙa maƙerarta. Ga abin da zai hana ta barci. Sannan ki bar zargi ya hau masoyin da gaske. In mai karatu ya tabbata tun farko ba shi ba ne, babu fargaba. Ki sa ta tsinci maɓallin rigarsa kusa da gawa, ta jefa a aljihu ta yi shiru, wannan shirun kuma ya jawo a kama wani marar laifi.

Kada kuma kowa ya zama mai sarauta. Babban gida na lokacin ba ya tafiya sai da barori, kuma yarinyar da ke tashi da asuba ta kwashe toka ta hura murhu ita ce ta san ɗakin da aka ƙona takarda cikin dare. Ki ba ta suna, ki bar ɗan sandan ciki ya wuce ta sau biyu bai tambaye ta komai ba.