Shawara ga masu son haƙa burtsatse a unguwa

Salamu alaikum 'yan uwa. A layinmu nan Rigasa, wata ƙungiya ta taɓa haƙa mana rijiyar burtsatse kyauta. Da injin ya ƙone sai kowa ya zura ido ana jiran su dawo gyara, har tankin ya zama wurin shanya kaya. Daga baya mu 5 muka haɗa kuɗi muka gyara, muna sayar wa 'yan ga-ruwa a jarka, kuma har yau ruwa bai yanke ba.

Ga abin da na koya. Kowace rana a cire kuɗin gyara a ajiye gefe kafin a yi maganar riba, a rubuta a littafi, a bar littafin hannun mutum ɗaya amintacce. In da hali a sa sola, don man janareta shi ke cinye ribar. Kada a haƙa kusa da masai. A bar aƙalla mita 30 tsakani, sannan a kai ruwan a gwada kafin a fara sayarwa. A riƙa wanke tanki, kar a jira sai ya yi gansakuka.

Mai son ƙulla fiya wata kuwa, wannan sai da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tukuna.