Mai shirin ɗauko mata ko miji, fara tara hujja tun yau

'Yan uwa sababbin zuwa ƙasar waje, musamman wanda ya baro iyali a gida yana shirin nema musu biza, don Allah ku saurare ni kan wannan. Takardar aure ita kaɗai ba ta isa ba. Ma'aikacin da zai duba fayil ɗinku bai san ku ba, bai halarci bikinku ba, abin da ke gabansa kawai takardu ne, kuma aikinsa shi ne ya gano ko auren na gaske ne ko kuwa an ƙulla shi ne don a samu takardar zama.

Ni kaina sai da na zo cike fom sannan na tuna na canza waya sau biyu, hirata da matata ta WhatsApp ta kusan shekara ɗaya duk ta tafi, wallahi ranar zama na yi a gefen gado ina ta laluben tsohon imel ko zan ga tikitin jirgin da na je gida da shi. Abin da ya cece ni hatimin shiga da fita da ke cikin fasfo ne da rasit ɗin kuɗin da nake tura mata duk wata. To kai kar ka bari sai ka kai nan. Buɗe folda guda tun yanzu, tikiti, rasit, hotuna na lokuta daban-daban tare da dangi ba na ranar biki kawai ba, jerin kiran waya, takardar haihuwar yara in akwai. In kuna zaune tare kuma, to takardar haya da sunanku biyu, akawun ɗin banki na haɗin gwiwa, wasiƙu masu zuwa adireshi ɗaya, waɗannan sun fi hoto ɗari nauyi.

Na san kunya tana hana mu, mutum ya ce ya za a yi baƙo ya karanta hirata da matata. Ba sai ka ba da duka ba, zaɓi kaɗan daga kowane wata yadda za a ga zancen bai yanke ba. Kuma in da Hausa kuka yi, sai an fassara, fassarar da mai fassara ya sa hannu ya tabbatar.

Inda na fi son a kula shi ne auren da aka ɗaura ba ka wajen. Kanada tun 2015 ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakili ko ta waya, sai dai ma'auratan biyu suna wurin da kansu. Amurka tana karɓa amma sai in kun haɗu kun tare bayan ɗaurin auren. Ingila kuwa dole ku nuna kun taɓa haɗuwa ido da ido, ga kuma sharaɗin albashi, fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024. In aurenka irin wannan ne, je ka ga lauyan shige da fice kafin ka biya ko sisi na fom. Haka mai mace fiye da ɗaya, duk ƙasashen nan uku ba sa barin mutum ya kawo mace fiye da ɗaya da bizar aure, kuma ɓoye auren farko ko sakin da aka yi ya fi komai ɓata fayil.

A Amurka in aurenku bai kai shekara 2 ba lokacin da matar ta samu izinin zama, katin zama na shekara 2 za a ba ta, sannan ku cike fom I-751, na neman a mayar da katin na dindindin, cikin kwana 90 kafin ya ƙare, da sababbin hujjoji, wato tara takardu bai ƙare ba don ta iso. Wani lokacin ma a intabiyu raba ku za a yi, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya, yaushe kuka fara haɗuwa, wa ke biyan haya, ɗaki nawa ne a gidan. Kar ku haddace labari, ku dai zauna tare ku tuna ranakun da kuka rubuta a fom, in ka manta abu ka ce ka manta. Auren bogi a can hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma wanda aka kama ba za a ƙara amincewa da takardar neman izinin zama da wani zai shigar masa ba, ko da daga baya ya yi aure na gaskiya.