Yadda nake tura wa kurata saƙon kare kai ta waya

Na daɗe ina aikin jinya a asibitin bariki, na kuma ga ƙarshen lacca. A tara kurata cikin rana ana yi musu bayanin ƙanjamau da ciwon sanyi, rabinsu na gyangyaɗi saboda gajiyar fareti. Saƙon tes ya fi shiga, in an iya shi.

Ka fara karɓar lambar yaro da yardarsa, ka sanar da shi yana iya cewa a daina. Ka kuma tambaye shi ko ya toshe saƙonnin talla ta 2442, don saƙon da ake turawa a dunƙule kan maƙale a hanya.

Sai lokaci, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Tes ɗin safiyar Litinin asarar kuɗi ce. Ka tura ranar da albashi ya shigo, da yammacin Juma'a, da jajibirin ranar da za a ba su izinin fita gari. Makon yaye su kuwa kada ka yi wasa da shi: yaro ya sha watanni a killace, ga kaki sabo, ga kuɗi a aljihu.

Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da ka saka ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70. Na taɓa tura saƙo ya rabu uku, kuɗin wata ya ƙare cikin kwana goma. Yanzu ba lanƙwasa nake rubutawa, malaman Hausa su yi mini afuwa:

"Dan'uwa, albashi ya shigo. In za ka fita, rike kanka ya fi. In ba za ka iya ba, kororon roba na nan kyauta a asibiti, ba mai tambayar sunanka."

Muryar babban yaya ake so, ba ta sajan ba. Umarni ya ishe su haka.

Saƙo ɗaya nake maimaitawa kowane wata: wanda kororo ya fashe masa, ko bai sa ba, ya zo kafin awa 72 a ba shi PEP, maganin hana kamuwa da ƙanjamau da ake sha kwana 28. Yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba.

Sakamakon gwaji kuwa kada ya bi ta waya ko da wasa. A ɗakin kwanan kurata waya ta kowa ce, ana aronta a kira gida. "Leko asibiti gobe" kawai nake rubutawa.