Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa fayilolin XSD

'Yan uwa masu haɗa manhaja da sabar bankuna a nan Legas, daga Yaba har Ikeja, kukan kusan ɗaya ne: mutum ya raba XSD ɗinsa (fayil ɗin da ke bayyana tsarin da saƙon XML zai bi) gida uku, ya haɗa da xs:include, sai Xerces, manhajar da ke tantance XML, ya dinga watso masa jan rubutun kuskure, shi kuma yana rantsuwa komai daidai yake. Matsalar ita ce ana ɗauka ƙaramin fayil yana gadon komai daga babba. Ba haka bane, abu ɗaya kacal yake gada wato targetNamespace, gidan sunan da abubuwan da fayil ya bayyana ke zama ciki, shima sai in bashi da nasa.

Toh mu fara daga nan. Include na fayilolin da ke gidan suna ɗaya ne. In babban fayil ya ce targetNamespace="urn:kasuwa:oda", ƙaramin ko dai ya rubuta wannan ɗin sak, harafi da harafi, ko kuma ya bar wurin babu komai. In nasa daban ne, include bazai karɓa ba, xs:import ake sawa. Kuma a duba da kyau don babban baƙi ɗaya ko wata alamar / a ƙarshe ta isa ta raba su.

Wanda aka bari babu komai shi ake ce wa hawainiya, duk fayil ɗin da ya jawo shi sai ya ɗauki gidan sunansa. Yana da daɗi amma nan mutane suka fi faɗawa rami. Ka ce ka yi nau'in Adireshi a fayil hawainiya, fayil ɗin oda ya jawo shi, na rasit ma ya jawo shi, kuma gidajen sunansu daban. Yanzu Adireshi biyu gareka ba ɗaya ba, in ka fitar da kod na Java zaka ga aji biyu da basa shiga wurin juna, kana ta mamaki ai abu ɗaya na rubuta. In dai kowa zai yi amfani da shi, gara ka bashi gidan sunansa a dinga import, ni dai shawarata kenan. Sannan a cikin hawainiya kar ka sa xmlns="http://www.w3.org/2001/XMLSchema" ba tare da xs: ba, don in ka rubuta type="Adireshi" za a je nemansa cikin nau'o'in W3C, ba za a same shi ba.

Su xmlns:tns da makamantansu, wato laƙabin da ake ba gidan suna, basa tsallakawa daga babba zuwa ƙarami, kowane fayil sai ya rubuta nasa a sama.

Wanda yafi cin lokaci kuwa shine elementFormDefault, wanda ke faɗin ko abubuwan da ke cikin nau'i zasu ɗauki gidan suna (qualified) ko a'a (unqualified). Babba ya sa qualified, ƙarami an manta, shi kuma in ba a rubuta ba unqualified yake komawa. Sai abubuwan cikin Adireshi, su Unguwa da Titi, su zama basu da gidan suna alhali na babban fayil suna da shi, saƙonka na XML ya faɗi da cvc-complex-type.2.4.a kai kuma kana kallon kalmar Unguwa ƙiri-ƙiri a wurinta. Wallahi mutum sai ya ƙone fetur ɗin janareta na yini guda akan layin nan. Ka buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya ka daidaita shi, har da attributeFormDefault.

Import ma ba a gadonsa. Ko babba ya yi import na wani gidan suna, in ƙarami yana ambaton kayan wurin dole ya yi nasa, in ba haka ba src-resolve.4.2 zai fito. Kuma include da import a saman fayil suke zama, kafin ka fara bayyana komai.

Masu amfani da xs:redefine wajen jawo fayil tare da canza abin da ke cikinsa, XSD 1.1 na 2012 ya kawo xs:override a madadinsa, sai dai xmllint, wata manhajar tantancewa, XSD 1.0 na 2001 kawai ya sani, saboda haka ka tambayi abin da sabar ɗaya ɓangaren ke tantancewa da shi kafin ka canza.